Me ya sa wasu babura masu siffar da suke yin kwantai a shago?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Ingila, a nan nake aiki, kuma ban daɗe da samun cikakken lasisin babur ba. Tun ina yaro nake sha'awar irin Honda Roadmaster ɗin da mahaifinmu yake hawa, shi ya sa nake neman sabon babur mai kama da na da, wanda a nan ake ce wa retro. A wani shago kusa da mu akwai Kawasaki W800 da ya yi wata da watanni a ajiye, har sau biyu ana rage masa kuɗi, alhali Royal Enfield Interceptor da Triumph Bonneville ba sa daɗewa an saye su. W800 ɗin ya kwanta mini a rai, amma ina tsoro. Shin wani aibu gare shi da mutane suka sani ni ban sani ba? In saya, ko in bi inda jama'a suka bi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a lasisin nan, ya kuma tsare hanya. In na fahimce ka da kyau, abu biyu kake son sani: ko kwantan da W800 ya yi alama ce ta wata cuta a jikinsa, da kuma ko mutum zai tafka asara in ya sayi abin da kasuwa ba ta rububinsa. Amsar ta farko a'a ce, ba na ko tantama. Ta biyun kuwa ta danganta da tsawon lokacin da kake niyyar riƙe shi.

Gyaran babur ne sana'ata. A gida na koya, a kan irin su Roadmaster ɗin da ka ambata da Vespa da Suzuki 100, daga baya na ci gaba da ita a nan Ingila a kan manyan babura. Saboda haka abin da zan faɗa maka daga gareji ya fito, daga abin da nake kwancewa in ɗaura, da kuma hirar da nake yi da dillalai idan sun kawo aiki.

Asalin wannan yayi

Yawancin baburan nan abu guda suke kwaikwaya: baburan Ingila masu silinda biyu na shekarun 1950 da 1960. Jagabansu shi ne Triumph Bonneville, wanda ya fito a 1959, aka sa masa sunan wani fili mai gishiri a jihar Utah ta Amurka inda ake gwajin gudu. Sai Japanawa suka shigo da Honda CB750 a 1969 da Kawasaki Z1 a 1972, masu silinda huɗu, ga ƙarfi ga rashin ɗigar da baƙin mai, kamfanonin Ingila suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar masana'antar Triumph ta Meriden ta rufe a 1983. Wani attajiri mai harkar gine-gine, John Bloor, ya sayi sunan, ya kafa sabuwar masana'anta a Hinckley, kuma a 2001 sabon Bonneville ya shiga kasuwa. Tun daga nan kowane kamfani ya shiga neman rabonsa a wannan ciniki.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne Kawasaki ta riga Triumph. Tun 1999 ta fitar da W650, wanda shi ne wan W800. Kuma ba jiya-jiya gidan ya faro ba: kakansu W1 ya fito a 1966, shi kuma daga kamfanin Meguro aka gaje shi, wanda ya ɗauki zanen injinsa daga BSA A7 na Ingila. Duk da wannan asali, shekara biyu kacal W650 ya yi a kasuwar Amurka, 2000 da 2001, aka janye shi saboda rashin masu saye. Ka ga ke nan jan ƙafar ciniki a ƙasashen Turawa tsohon hali ne a wannan gida, alhali makanikai sun yarda injinsu na daga cikin waɗanda ba sa ba da wahala.

Abin da ke kawo kwantai

Dalili na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne suna. Ba wanda ke sayen irin wannan babur don larura. Mai son zuwa aiki kawai sikuta yake saye, ko ƙaramin babur mai shan mai kaɗan. Mai sayen na siffar da yana biyan wata tsohuwar sha'awa ce, kamar yadda kai kake tuna Roadmaster ɗin mahaifinku. To shi Baturen Ingila mai shekara hamsin ko sittin, abin da ya gani a ƙofar gidansu Triumph ne, ko BSA, ko Norton, ko Royal Enfield. Sunan da yake son gani a jikin tanki ke nan. Bai dame shi ba ko da a Tailan ake haɗa Bonneville na yanzu, ko a Chennai ta Indiya ake ƙera Enfield. In ka ce masa Kawasaki, Z1 yake tunawa, mai silinda huɗu da gudu. Shi ya sa da Kawasaki ta fitar da Z900RS a 2018 mai kama da Z1, aka yi ta rububinsa, a Japan ma ya jera shekaru yana kan gaba a cinikin manyan babura. Kamfani ɗaya, shaguna ɗaya, wani yana tashi wani yana kwana. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba ingancin ƙira ne matsalar ba.

Na biyu farashi ne, idan aka ɗora shi a kan abin da ke rubuce a takarda. Kawasaki ta dakatar da W800 a Turai a 2016, ta dawo da shi a 2019, sai ta tarar kasuwa ta sauya. Royal Enfield ta shigo da Interceptor 650: inji mai cc 648, ƙarfin doki 47, giya shida, garantin shekara uku, a kan kimanin fam 5,500 a lokacin. W800 yana da cc 773, ƙarfinsa kusan daidai da na Interceptor, giyarsa biyar, kuɗinsa kuma a lokacin ya haura fam 8,000. Daga sama ga Bonneville T100 mai cc 900, wanda ya fi shi ƙarfi, kuma ɗan abin da za ka ƙara bai taka kara ya karya ba. Mai neman sauƙi ya tafi Enfield, mai kuɗi ya tafi Triumph, aka bar W800 a tsakiya. Yanzu ma an ƙara matse shi daga ƙasa, domin a 2023 Triumph ta fitar da Speed 400 wanda Bajaj ke ƙera mata a Indiya, Bajaj ɗin nan dai mai Boxer da muka sani a gida.

Wannan adadi na 47 da kake ta gani ba haɗuwa ce ta kawai ba. Lasisin A2, wanda matashi ke iya samu daga shekara 19, bai yarda babur ya wuce kilowat 35 ba, wato kimanin ƙarfin doki 47. Kamfanoni suna tsayawa daidai nan don su sami matasa. Amma matashi kuɗinsa kaɗan ne, mai araha zai ɗauka. Mai cikakken lasisi irinka kuma sau da yawa yana ganin in zai kashe fam dubu takwas ko tara, gara ya sami ƙarfin da ya fi haka.

To ina kuɗin W800 suka tafi? Suna wuraren da takarda ba ta nunawa. Tsaya ta hannun dama na injin ka duba, za ka ga wani bututu mai ƙyalli ya miƙe daga ƙasa zuwa kan silinda. A cikinsa akwai sandar ƙarfe mai haƙora sama da ƙasa, ita ke juya kam ɗin da ke buɗe bawul, maimakon sarƙar da ake sa wa sauran babura. Aiki ne mai tsada, yana son saiti na natsuwa a masana'anta, amma ba ya saki irin na sarƙa. Idan lokacin saita bawul ya yi, ba sai na cire kam ba: ture hannun bawul ɗin nake yi gefe, in zare ɗan ƙarfen saitin in sa wani. Ƙwanƙwasa madigadinsa da farce, ƙarfe za ka ji ba roba ba. Iska ce ke sanyaya injin, babu lagireto, babu famfon ruwa, babu tiyon da zai tsage. Makaniki yana ganin waɗannan ya san darajarsu. Mai saye da ya zauna da waya yana gwada lambobi ba zai gan su ba.

Na uku kuwa abu ne da ke ba ni takaici, domin ina son injin da iska ke sanyayawa. Mutane suna cewa suna son babur irin na da, amma da ciniki ya zo, siffar da suke so da halin zamani. Triumph ta gane wannan da wuri. Da ta koma injekta wajen 2008, sai ta yi masa gida mai kama da kafireta don kada ido ya gane. A 2016 ta koma sanyaya inji da ruwa, ta matse lagireton a tsakanin ƙarafan gaba, ta bar faifayen jikin silinda yadda suke. Waɗanda suka tsaya a kan gaskiyar tsohon yayi su suka sha wuya. Yamaha ta kawo SR400 Turai a 2014, babur ɗin da aka fara yi tun 1978, ba shi da sitata sai kik, ƙarfinsa doki ashirin da 'yan kai. Kowa ya gani ya yaba, masu zaro kuɗi kaɗan ne. Honda CB1100 ya iso Turai a 2013, silinda huɗu, cc 1140, ƙira mai kyau ƙwarai, amma nauyinsa wajen kilo 250, ƙarfinsa kusan doki 90, a lokacin da za ka sami wanda ya fi shi ƙarfi da rashin nauyi a kuɗi ɗaya. BMW R18 da ya zo a 2020 kilo 345 ne, mutane da yawa a cikin shago suke fasawa, da zarar sun gwada ɗaga shi daga jak.

Dokar hayaƙi ta ƙara wa irin waɗannan nauyi. Dokar hayaƙi ta Turai mai suna Euro 4 ce ta kori W800 na farko da SR400 daga can. Ta bayanta, Euro 5, ta kori CB1100, har Honda ta yi masa fitowar bankwana a 2021. Idan mai saye ya ji ana raɗe-raɗin za a daina wani samfuri, sai ya ja baya don tsoron rashin kayan gyara, jan bayan nasa kuma ya ƙara gaggauta dainawar.

Sai maganar dillalai. Babur ɗin da ba ya tafiya, dila ba ya ajiye na gwaji. Wanda ba a gwada ba kuwa ba a saye, musamman irin W800 da sai an hau ake gane daɗinsa. Moto Guzzi V7, wanda ake ƙerawa a Mandello del Lario ta Italiya inda kamfanin yake tun 1921, yana da abubuwan so da yawa: sandar ƙarfe ke juya tayar baya, ba ruwanka da shafa wa sarƙa mai, tankinsa kuma lita 21. Amma shagunansa ba su da yawa, mutum yakan lissafa nisan da zai yi don sabis ya haƙura. Haka kuma yawancin Turawa da bashin wata-wata suke saye, irin wanda ake kira PCP, inda ake ƙiyasta darajar babur bayan shekara uku a gina biyan wata a kai. Wanda ake ganin zai faɗi da yawa, biyansa na wata yakan yi tsada ko da farashinsa na shago ya yi daidai da na wani. Wannan tsari akwai kuɗin ruwa a cikinsa, in kana cikin masu kauce masa kamar yadda da yawanmu muke yi, to wannan dalili na kwantai bai shafe ka ba, sai ma ya zame maka riba.

Kwantan da ya kamata ka ji tsoro

Ba kowane kwantai ne lafiyayye ba. Akwai wanda ya kwana saboda kamfaninsa sabo ne ko ƙarami, ba shi da rumbun kayan gyara a ƙasar, ko mai shigo da shi yana tangal-tangal. Wani ya taɓa kawo mini irin wannan, ya saye shi da araha yana murna. Ɗan ƙaramin sensa ne ya mutu, abin da bai kai girman ɗan yatsa ba, amma babur ɗin ya ƙare bazara guda a kusurwar gareji an lulluɓe shi da tampol, muna jiran kaya daga ƙetare. A ƙasar da lokacin hawan babur bai wuce Afrilu zuwa Oktoba ba, wannan asarar shekara ce.

Gwajin mai sauƙi ne. Kafin ka biya ko sisi, je wurin mai sayar da kayan gyara ka tambayi abu uku: hannun birki, matatar baƙin mai, da wani abu na lantarki kamar rektifaya. Tambayi kuɗi da kwana nawa za su iso. Na Kawasaki da Honda da Yamaha da Triumph za ka ji 'yan kwanaki ne. W800 tun 2011 ake yinsa, kuma abubuwa da dama nasa sun yi tarayya da W650, saboda haka ta wannan fuska hankalina kwance yake.

Abin da zama ke yi wa babur

Wannan shi ne ɓangaren da nake so ka fi riƙewa, domin babur da ya yi wata takwas ko shekara a tsaye ba daidai yake da wanda aka sauke jiya ba, ko da bai taka ko mil ɗaya ba.

Fara da takarda. Tambayi dilan kai tsaye ko an riga an yi masa rajista. Idan sabuwar dokar hayaƙi ta gabato, ko dila yana son cika adadin da kamfani ya ɗora masa, yakan yi wa babur rajista da sunan shago. In haka ne, garanti ya fara ƙirgawa tun ranar, shekara ukun da ake ba sabon babur kafin gwajin MOT, wato gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara, ita ma ta fara tafiya, kuma a takardar rajistar babur, wato V5C, kai ne mai shi na biyu. Ba laifi ba ne, amma dole farashi ya nuna haka.

Daga nan sai ka durƙusa ka duba gefen taya. Bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2322, an yi tayar a mako na 23 na 2022. Roba tana bushewa ko ba a hau ba, kuma titin Ingila jiƙe yake rabin shekara. Buɗe tanki ka haska fitilar waya ciki, ka shinshina. Tun Satumba 2021 man E10, wato fetur mai gaurayen ethanol, ake sayarwa a matsayin na yau da kullum, yana jan danshi, in ya daɗe warinsa yakan koma kamar na tsohon fenti, ya bar tsatsa a gindin tanki da danƙo a injekta. Dubi man birki ta tagar kwalbarsa: sabo fari-fari ne kamar man gyaɗa da aka tace, tsoho yana yin duhu, kuma duk shekara biyu ake canza shi ko an hau ko ba a hau ba. Batir kuwa kada ma ka tsaya gwaji, ka ce a sa sabo.

Waɗannan su ne makaman cinikinka. Shi ma dila yawanci da bashi yake zuba kaya, duk watan da babur ya ƙara a shago kuɗi yake ci masa. Lokacin da ya fi saurin sallamawa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, da kuma ƙarshen wata. A Maris da Satumba, da sabuwar lamba ke fitowa, shago cike yake da masu saye, ba zai saurare ka ba. In ya ce farashi ya kai ƙasa, bar maganar ragi ka koma kan kaya: sabon batir, canjin baƙin mai da man birki, sabis na farko kyauta, da taya in ta tsufa. Kuma ka nemi kuɗin inshora kafin ka sa hannu, domin mai sabon lasisi yakan sha mamaki, musamman in a waje babur zai riƙa kwana.

To, a saya ko a bari?

Abin da ya sa ka same shi da ragi yau shi ne zai sa ka sha wahalar sayar da shi gobe. In kai mai canje-canje ne, bayan shekara biyu ka ji kana son wani, to Interceptor ko Bonneville sun fi maka. Kana sa talla za a kira ka, kuma kowa ya san kuɗinsu. In kuwa ka san za ka riƙe shi shekara takwas ko goma, faɗuwar daraja ta shekarun farko ba ta dame ka ba, ragin da ka samu kuma ya tabbata naka. Na ma lura irin waɗannan da zarar an daina yinsu sukan tsaya da faɗuwa, domin masu su ba sa saki. Nemi W650 mai tsabta a kasuwar na hannu ka ji abin da ake faɗa.

Amma ka san abin da kake saye, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Fistin biyu na W800 tare suke hawa tare suke sauka, kamar na baburan Ingila na ainihi, shi ke ba shi wannan sauti mai daɗi, shi ne kuma ke kawo 'yar girgiza a madubi da wurin taka ƙafa in inji ya hau tsakiya. Interceptor da Bonneville na yanzu an saɓa musu tafiyar fistin, sautinsu daban. Nauyinsa ya kai wajen kilo 220. Tayoyinsa masu sifok ne da tib a ciki, in ƙusa ta shiga ba a toshewa a bakin hanya, sai an cire taya. Ƙarfensa mai ƙyalli ba ya shiri da gishirin da ake watsa wa tituna lokacin sanyi, sai ka riƙa wankewa kana shafa mai. A kan babbar hanya zai riƙe mil 70 ba tare da wahala ba, amma iska duk a ƙirjinka za ta ƙare, kuma ba a nan daɗinsa yake ba. Daɗinsa yana ƙananan hanyoyin karkara, a mil 50 zuwa 60, kana cikin giya ta biyar inji yana ja a hankali. Wanda ya tashi yana jin ƙarar Roadmaster, ina kyautata zaton wannan zai yi masa.

Shawarata iyakarta kasuwar Ingila ce, kuma ban ga wannan babur ɗin da idona ba, don haka binciken da na lissafa maka shi zai yanke hukunci a kansa. In kuma kana da niyyar wata rana ka sa shi a kwantena ka kai gida, lissafin ya sauya: can abin dubawa shi ne wa zai gyara injekta da birkin ABS (mai hana taya kullewa in an taka birki) a garinku, kuma kayan gyara ta wace hanya za su riƙa zuwa.

Je ka nemi a ba ka shi ka hau, ko da rabin awa ne, ka haɗa da cunkoson gari da buɗaɗɗiyar hanya. In shagon ba su da na gwaji, kira wasu shagunan Kawasaki har ka sami mai shi, ko da na hannu ne. Ka hau Interceptor a rana guda don jikinka ya gwada su tun bai manta ba. In ka sauka W800 ne har yanzu a ranka, kuma ka san ba sayarwa za ka yi nan kusa ba, koma ka yi tayi. In dilan ya ƙi sassautawa, duba na hannu daga 2019 zuwa sama, waɗanda ke da ABS da birkin faifai a baya. Masu irin wannan babur yawanci dattawa ne da ba sa hawa sai rana ta fito, kuma ana samun mai 'yan mil kaɗan da cikakkiyar takardar sabis.